Abokan Hulɗar Sabuwar Tela

A makarantar ɗinki ana koya wa yarinya awo da yanka da sa zif. Ranar yaye a miƙa mata takarda, in iyaye da hali su haɗa mata da keke Butterfly, ta dawo garinsu Jabo ta kafa shi a ɗakin tsakar gida. Mutanen da za ta yi fama da su kuwa ba malamin da ya ambace su.

Da mai shagon yadi take fara cin karo, ko a Babbar Kasuwar Sakkwato, ko a Kantin Kwari na Kano in ta yi doguwar tafiya. Wannan bawan Allah duk abin da aka ɗaga a shagonsa "ba ya zuba". Atamfar da ta fito daga Sin zai shafa ta ya ce Holandis ce, har ya nuna tambari a bakin zanen. Kamfanin Vlisco na garin Helmond, mai Holandis na ainihi, tun 1846 yake sana'ar buga zane, amma da za a tara masa duk Holandis ɗin da ake sayarwa tsakanin Jega da Sakkwato, da shi kansa ya yi salati.

Don gudun irinsa ne ake tafiya da gwanar rakiya. Ita da harshe take gwada atamfa, ta lasa gefe ta yi shiru tana nazari. Shadda kuwa shinshinawa take, wai Getzner ta Ostiriya da ƙamshi ake gane ta. Sai ta sa an sauko da turmi goma, ta kushe tara, na goman ta ce ai ta ga irinsa jikin kishiyar ƙanwarta. A koma gida hannu wofi, kuɗin mota kuma na tela ne.

A gida ga Gwaggo na jira, kuma ita ce babbar jarrabawa. Takan iso da hantsi da ƙullin atamfa a hammata, ta zauna, ta sha fura, ta tambayi lafiyar kowa har awaki, sannan ta kwance ƙullin. "Ɗiyata, wagga riga da zani za ki yi min, irin na birni da kunka koyo." Aka gama, aka goge, aka kai mata har ɗaki. Da tela ta yi ƙarfin halin rausayar da kai ta ambaci kuɗin zare, sai Gwaggo ta riƙe baki: "Mi? Ni da na yi goyonki?" Daga nan a biya ta da "Allah shi yi miki albarka". Addu'a ce mai kyau, sai dai mai zif na Tambuwal bai karɓarta. Mako na zagayowa Gwaggo za ta aiko jikoki uku, su ma da nasu ƙullin.

Mai hoton waya ta fi ban tausayi. Ta ga doguwar riga jikin wata jarumar Kannywood a Instagram, mai jan ƙasa da hannu kamar fiffiken shamuwa, ta kawo yadi uku ta ce haka take so sak, kuma a rage mata ɗankwali.

Akwai mai bin ƙyalle. Turmi yadi shida ne, ta sani, ta kuma yi lissafinta tun daga gida. Ba ta duba ɗinkin sai ta fara zazzage leda: "Ina sauran?" Guntun da bai isa ɗaure bakin tulu ba sai ta yi cigiyarsa har wajen uwar tela.

Alhajin jajibiri kuma duk azumi yana gari, bai tuna 'ya'yansa mata biyar ba su da kayan Sallah ba sai daren ganin wata. Ya aiko yaro da leshi da saƙon cewa ya san ta da sauri.

Ita kanta telar fa? Kuɗin ɗinkin farko da ya shigo hannunta yadi ta saya, ta jera a akwati, kullum ta buɗe ta shafa ta rufe, don almakashi na rawa a hannunta in ta tuna tsadarsa. Amma abin da ba a koya mata a aji ba ta iya shi tun Sallar farko. Ƙawarta ta leƙo neman rigar ankon da ko awonta ba a yi ba, sai ta ɗago kai daga keke ta ce, "Maɓalli kawai ya rage, ki dawo gobe."