Nazari a Kan Sanarwar Kwamfuta da Yadda Take Tona Asirin Magidanci

Sanarwa, a fagen kwamfuta, ita ce ɗan ƙaramin akwatin rubutu da ke leƙowa daga kusurwar allo domin ya shaida wa mai aiki cewa saƙo ya shigo, kuma babbar siffarta ita ce ba ta sallama, ba ta kuma duba ko akwai baƙi a ɗaki kafin ta buɗe baki. Kamfanin Microsoft ya tattara irin waɗannan sanarwowi wuri guda a manhajar Windows 10 da ya fitar a watan Yulin 2015, cikin wani zaure da ya kira Action Center, wanda ake buɗewa idan an danna maɓallin Windows tare da harafin A. A ƙasan zauren ya jera maɓallan gaggawa, wato ƙananan murabba'ai da ake kunna ko kashe abubuwa da su ba tare da an shiga can cikin saituna ba, daga cikinsu akwai hasken dare, wanda ke rage kaifin hasken allo ya mayar da shi ruwan ɗorawa, da yanayin jirgin sama, wanda ke katse duk wata sadarwa marar waya. Sai a Windows 11 ta shekarar 2021 aka raba musu gida, sanarwa ta koma harafin N, maɓallan gaggawa suka riƙe A.

Tun a shekarar 2018 aka tanadi wani mai gadi a Windows 10 da ake kira Focus Assist, wanda aikinsa shi ne tsare sanarwa a bakin ƙofa, kuma daga cikin dokokinsa akwai wadda ke kunna kanta da zarar an haska allon kwamfuta a majigi. Amfanin wannan doka bai bayyana ga mai wannan rubutu ba sai bayan da ya kashe ta da hannunsa, bisa zaton cewa duk abin da bai gane ba cinye masa data yake yi.

Shi dai mai wannan rubutu mazaunin Dorayi ne, kuma akawu ne a wata masana'antar robobi da ke Sharaɗa, ɗaya daga cikin unguwannin masana'antu na Kano tare da Challawa da Bompai. Kasancewar ƙarar injinan narka roba ba ta barin a ji kukan waya, sai ya haɗa WhatsApp ɗinsa da tsohuwar kwamfutar tebur ta ofis mai Windows 10, dabarar da ya daɗe yana alfahari da ita a gaban masinja. A taron ƙarshen wata, lokacin da manaja da shugabannin sassa suka zauna aka haska jadawalin cinikin butoci da bokitai a jikin bango, akawun ya gyara murya ke nan zai fara bayani, sai akwati ya leƙo da rubutun da kowane harafinsa ya kai tafin hannu: “Baban Abba, garin tuwo ya ƙare, kuma mai kanti ya ce sai an biya na baya.” Kafin wannan ya ɓuya wani ya biyo shi daga abokin majalisa, wanda ke son sanin ko marowacin manajan nan ya saki albashi.

Masana halayyar ɗan Adam za su so su lura da abin da hannu ke yi idan hankali ya bar jiki. Akawun ya danna Windows da A da niyyar korar saƙon, ya manta cewa wannan zaure shi ne rumbun da ake ajiye duk sanarwar da ba a share ba, don haka sai tarihin kwanakin baya ya jeru a bango daga sama har ƙasa, tun daga tunin uwar adashe da gargaɗin mai gidan haya har zuwa tambayar tela a kan cikon kuɗin ɗinki. Garin neman gira ya ci gaba da rasa ido, domin murabba'in farko da ya lalubo shi ne hasken dare, wanda ya rina jadawalin ya koma kamar an zuba masa manja, na biyu kuma yanayin jirgin sama, wanda ya tsinke intanet, jadawalin da ke ajiye a can ya tsaya cik. Da manaja ya tambayi abin da ya faru, amsar da aka samu ita ce, “Ranka ya daɗe, kwamfutar ce ta shiga jirgi.”

A nan ne aka ga fifikon kwamfutar tebur a kan ta cinya, domin ba ta da batiri, kuma a daidai wannan lokaci aka ɗauke wuta, allo ya mutu, ɗaki ya yi tsit, akawun kuwa ya zama mutum na farko a tarihin Sharaɗa da aka ji ya yi hamdala saboda ɗaukewar wuta. Kafin a tayar da janareta manaja ya miƙe, ya ce cikin natsuwa, “Malam akawu, a fara kai garin tuwo gida, lissafi ya jira gobe,” sannan ya ƙara da cewa a gaishe masa da abokin majalisa.

Maganin wannan musiba bai wuce minti biyu ba: a shiga saituna, a buɗe sashen sanarwa, a kashe ta manhajojin hira, a share abin da ya taru a zaure, a kuma bar Focus Assist ya yi aikinsa kafin a jona majigi, wanda ya fi duka kuwa shi ne a raba wayar gida da kwamfutar ofis. Akawun ya aikata dukansu washegari da sassafe, sai dai babu maɓallin da ke goge abin da mutum goma sha biyu suka karanta a bango, shi ya sa har yau daga maigadi zuwa direban motar kaya babu mai kiransa da wani suna sai Matuƙin Jirgi.