Garkuwar Takarda

Tun shekarar 1977, sa'ad da Marc Miller ya wallafa wasan Traveller a Amurka, ma'abota wannan wasa suke zama kewaye da tebur, da fensir da dayis biyu irin na ludo, suna muhawara, tamkar fuƙaha'u a kan mas'alar gado, game da bangon da zai tsare matuƙan jirgin taurari daga tururin nukiliya. Wani ya ce dalma. Wani, da ya ɗan leƙa kimiyya, ya ce ruwa ya fi, alhali jirgin ba shi da wujudi sai a takardar da shayi ya jiƙa. Abin ta'ajibi, a bugun farko na wasan, matuƙin yakan riga mu gidan gaskiya tun ana tsara tarihinsa, bai ko taka jirgin ba.