Wa Muka Bar wa Fartanya?

Mu dai a unguwar nan, da zarar an taɓo zancen tsadar kwanon masara, amsarmu ɗaya ce: yaran yanzu ba sa son noma. Mai shayi ya faɗa, liman ya faɗa, matan da ke layin markaɗe su faɗa. Kuma muna da gaskiya ta wani gefen. Ka fita bayan gari da hantsi lokacin noman firi, ka duba kawunan da ke duƙe a kan kunya. Furfura za ka fi gani. Samarin da ke cikinsu yawanci 'yan ƙwadago ne, a biya su kuɗin yini su karkaɗe riga, gobe suna gonar wani. Waɗanda suka san gonar ciki da bai, inda ruwa yake kwanciya da inda ƙuduji yake fara leƙowa, su ne dattawa irin su Baffa. Su Baffa kuwa gwiwa ta fara ƙi.

Abin da ba mu cika haɗawa da wannan magana ba shi ne, wa ya koya wa yaran gudun gona? Mu ne. Yaro ya faɗi jarabawa, uban ya ce, "To, sai ka zo mu tafi gona tunda boko ya ƙi ka." Yarinya ta samu manema biyu, ɗaya manomi ɗaya mai shago a Kantin Kwari, kowa ya san wanda iyaye mata za su fi sakar wa fuska. A makaranta ma, wanda ya makara shi ake miƙa wa fartanya ya nome bayan aji. Tun yaro yana rarrafe muke nuna masa gona wurin wanda ya rasa ne, in ya girma ya yarda da mu kuma sai mu ji haushi.

Shekaranjiya bayan la'asar maganar ta sake tashi a dakalin ƙofar gidan Baffa. Shi ya ɗauko ta, yana murza gwiwarsa.

"A zamaninmu gandu ne makaranta," in ji shi. "Da sassafe uba na gaba, 'ya'ya na biye, har azahar. Da yamma kowa ya nufi gayaunarsa. Abin da ka noma a can naka ne, ka ɗinka riga, ka tara na aure. A gandu na koyi cewa ba kowane ruwan farko ake bi da shuka ba, sai ka tona ka ga inda danshi ya kai. A gandu na koyi zaɓen zangarniyar iri tun tana tsaye, kafin a girbe. Ba wanda ya zaunar da ni ya karanta mini. Gani na yi. To yanzu wa yake bayana da zai gani?"

Jikansa da ke tuƙa adaidaita sahu a birni ya zo gida kwana biyu, yana tsugune a gefe. Ya ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baffa, ni gonar wa zan noma? Gonar da ake ba mu labari ku shida kuka raba. Kason da zai faɗo wa babanmu mu tara ne maza a kansa, ga 'yan'uwa mata su ma da haƙƙinsu. Ta bakin titi kuma an yanka fulotai. In na ce zan kama haya, kafin in sa ƙwaya ɗaya a ƙasa na biya mai gona, na biya mai huɗa, na sayi taki. Sannan in jira wata huɗu. Keken nan kuwa, ko ba yawa, da magariba ina da abin cefanen gobe."

Ba wanda ya iya ce masa ƙarya yake yi. Mu da muke cewa yara sun ƙi noma, mu ne muke riƙe gona a hannu har sai an zo rabon gado. Mutum ba ya jin gona tasa ce sai ya haura arba'in, lokacin ƙarfin ya fara tafiya, hankalin kuma ya daɗe da komawa wata sana'a. Gandu ya watse, gayauna ta bi shi, ba mu kawo komai a madadinsu ba. Lissafin yaron ma ba na ragwanci ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu noman rani da ke ban ruwa da inji suka san kuɗin kowace lita. A 2024 abinci ya yi tsadar da ta sa kowa ya ce bari ya koma gona. A 2025 farashin hatsi ya rikito, taki bai sauko ba, har manomi ya sayar da buhun masara bai kai ga sayen buhun taki ba. Saurayi yana kallon wannan duka, kuma ya iya lissafi.

Sai Malam, tsohon malamin firamarenmu da ya yi ritaya, ya gyara zama. Shi damuwarsa daban ce, kuma ni ma ita ta fi tsaya mini a rai.

"Baffa, ko da yaran nan sun biyo ka, akwai abin da ba za ka iya koya musu ba. Tsutsar nan da ke shiga tsakiyar masara ta cinye ta, mahaifinka ya taɓa ganin ta?"

"Ina fa! Wannan baƙuwa ce."

Baƙuwa ce kuwa. Daga nahiyar Amurka ta fito, a 2016 aka fara ganin ta a Nijeriya. A shekarar ce kuma tsutsar tumatir da manoma suka sa wa suna sharon ta share gonaki a Kadawa da kewaye, har kwandon tumatir ya gagari masu miya. Babu kakan da ya bar wasiyyar yadda za a yi da waɗannan. Damina ita ma ta sauya hali: ta makara, ko ta fara ta ɗauke mako biyu bayan an yi shuka, ko ta haɗa ruwan wata guda ta zubo a dare ɗaya. Baffa yana duban zuwan shamuwa da kakkaɓewar ganyen gawo kamar yadda aka koya masa, wani lokaci su faɗa masa daidai, wani lokaci ya yi asarar iri.

To ina muke neman sabon sani? A shagon mai maganin feshi. Mu je mu ce, "Ba ni na tsutsa mai ƙarfi." Yaron shago, wanda shi ma bai taɓa riƙe sungumi ba, ya miƙo kwalba ya ce murfi biyu. Mu ƙara na uku don ya fi ci. A ba wani yaro ya goya injin feshi da rana tsaka, ba takalmi, ba abin rufe hanci, iska na dawo masa da maganin a fuska. Tsutsar kuwa a lokacin ta shige can cikin tsakiyar ganye. Da sassafe ko da yamma ake samun ta, kuma sai an saita bakin feshin a inda take. An kashe kuɗi, an cuci ƙirjin yaro, masara ba ta tsira ba. Bayanin yana jikin kwalbar, da Turanci. Baffa ya san gona bai iya karanta kwalba ba. Jikansa ya iya karanta kwalba bai san gona ba. Gidansu ɗaya, tukunyarsu ɗaya, amma ba mu taɓa tsayar da su a kan kunya ɗaya ba.

Haka muke yi da taki. Mu watsa yuriya a saman ƙasa da rana, kaso mai yawa ya bi iska, alhali tona rami ake yi kusa da gindin shuka a binne. Kamfa da ya kamata a sa a makonni biyun farko, sai mu jira har masara ta kai gwiwa saboda sai lokacin kuɗi ya samu. Mu sayi masara mai aure bana, ta yi kyau, baɗi mu ɗebo 'ya'yanta daga rumbu mu shuka, ta ƙi, mu ce kamfani ya cuce mu. Ita kuwa dama ba a maimaita ta. Injin ban ruwa ya tsaya a tsakiyar rani, mai gyara ɗaya ne a garuruwa uku. Tarakta ta lalace a kan abin da bai kai ya kawo ba, ta shekara a gindin bishiya.

Malam ya tuna mana da shekarun da shirin noma na Sasakawa ya shigo, daga 1992. Malamin gona ya zo a kan babur da igiyarsa mai ƙulli-ƙulli, a ja layi, a auna tazara, ƙwaya ɗaya a rami, a gonar gwaji ta bakin hanya inda duk mai wucewa zai gani. Mutane suka yi ta dariya har ranar girbi, daga nan dariya ta koma tambaya. Waɗancan malaman gona sun tsufa tare da manomansu. Yau malami ɗaya manoma dubbai ne a wuyansa, akwai ƙauyen da yaransa ba su san akwai aiki mai wannan suna ba. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya tana nan tun 1922, tana fitar da iri: masara SAMMAZ, dawa SAMSORG, gyaɗa SAMNUT, wake SAMPEA, akwai masu nuna da wuri, akwai masu jure ƙuduji. Tsakanin Samaru da gonar Baffa tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Mai ɗauko sanin ya kawo shi ne babu.

Sakamakon yana cikin buhu. A ƙasar nan kadada guda ta masara, in an haɗa mai kyau da marar kyau, wajen tan 2 take bayarwa, buhu 20 ke nan, kuma ta daɗe a nan ba ta motsa sosai ba. Wanda ya samu iri mai kyau ya bi ƙa'ida yana ninka wannan, har ya wuce. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka ce a kai taki kilo 50 a kowace kadada; har yau ba mu kai ba. A shekarar aka ƙirga mu miliyan 140, yanzu mun haura miliyan 200. Da muna ƙara abinci ne ta hanyar sabon sassabe, to dajin ya ƙare, inda ya rage kuma a Zamfara da Katsina da wasu wurare tsoro ya hana shiga. Ƙasar da ke hannu ba ta hutawa. Da akan bar gona saura ta yi shekaru. Da Fulani kan sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki. Yanzu karan ma kwashewa muke yi mu sayar, amanar da ke tsakani kuma ta yi rauni.

Goggo, da ke tsince wake a bakin zaure tana jin mu, ta ce ita ba ta san tan ba, rumbu ta sani. "Da hatsinmu yakan haɗu da sabo. Yanzu kafin marka na fara aika yaro kasuwa da kwano. Kuma ku da kuke ta maganar samari, 'yan matan fa? Wa ya koya musu ajiyar iri? Ni uwata ta nuna mini yadda ake adana wake da toka. Jikokina sai dai su ce a sa ƙwayar magani, ba su san ta kwana nawa za ta yi kafin a ci ba." Ta yi gaskiya. Rabin aikin abincin nan, daga tsinkar tumatir zuwa turara shinkafa a Kura, a hannun mata yake, amma in an zo horar da manoma maza ake tarawa.

Malam ya ce ba mu kaɗai ba ne manomanmu suka tsufa. A Japan yawancin masu noma sun haura 65, a Amurka ma matsakaicin shekarun manomi ya kai 58. Sai dai can tsoho ɗaya a kan inji yana yin aikin mutum ɗari, Japan kuma jama'arta raguwa take yi. Mu tsohonmu da hannu yake noma, bakunan da ke jiran sa kuma kullum ƙaruwa suke. Ga samari cike da gari, waɗanda su can nema suke ba su samu ba.

Ya kuma kawo misalin da ya fi kusa: 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Tun daga shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture a gona, suka koma zaɓen tohon da ya fi ƙarfi su gyara shi ya zama bishiya. Sassabin zamani suke ce masa. Gawo ya dawo gonaki, ƙasa ta farfaɗo a miliyoyin kadada, gero ya ƙaru. Ba da tarakta aka yi ba. Manomi ne ya gani a gonar maƙwabcinsa ya kwaikwaya, tsoho ya nuna wa yaro wane toho ake bari. "Da tsohuwar zuma ake magani," in ji Malam, "amma sai an samu mai ɗebo ta."

Baffa ya daɗe bai ce komai ba. Can ya dubi jikan nasa ya ce 'yar gonar nan ta bayan rafi, wadda ya kasa nomewa bara, ya ba shi gayauna. Ba aro ba, ba sai an mutu ba. Abin da ya fito nasa ne. Sharaɗi ɗaya: ranar shuka da ranar sa taki tare za su je.

Yaron ya ce ya karɓa, amma shi ma da nasa sharaɗin. Zai nemo iri mai nuna da wuri daga dila mai rajista, kuma ƙwaya ɗaya zai sa a rami.

"Ƙwaya ɗaya? In tsuntsu ya tone fa?"

"Sai a yi ƙari, Baffa."

"Uku ake sawa, ɗan nan."

Malam ya shiga tsakani ya ce a raba gonar biyu, gabas a yi na Baffa, yamma a yi na yaro, taki iri ɗaya, rana ɗaya, kaka ta raba gardama. Mai shayi ya ce shi zai riƙe lissafin buhuna don kada wani ya yi musu. Yaron ya ce keken zai ba abokinsa ya riƙe masa Asabar da Lahadi, in ya so ranar Litinin ya koma birni da asuba.