Wa Ya Bugi Wa a Damben Dodannin Pokémon?

Pokémon wasa ne na kama dodanni, a yi kiwonsu, a horar da su, sannan a kai su fage su kara da na wani. Kamfanin Game Freak na Japan ya fito da shi a 1996, a kan 'yar na'urar hannu ta Nintendo mai suna Game Boy, da dodanni 151. Mai wasa yana yawo da guda shida, kowanne da salon faɗa huɗu, kuma bugun bi da bi ne: ka buga, a rama. Har nan babu abin da zai ɗaure wa mutumin Wurno ko Goronyo kai. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin bugun kansa.

Mu a Kwargaba mun san bugu. Ƙasar Rabah ce ta haifi Ɗan Anace, mawaƙin ɗan damben nan Shago. Ɗan dambe zai naɗe hannu da kara, ya tako, ya auna, ya kai hannu, jiki ya gamu da jiki, in gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, kowa ya gani. A Pokémon kuwa dodo yana tsaye a gefensa, abokin karawa yana can nesa. Sai a ce ya kai naushi. Hoton dunƙulallen hannu ya bayyana a iska, allo ya girgiza, wancan ya yi ƙyaftu, layin lafiyarsa ya ragu. Wanda ya yi naushin bai ɗaga ƙafa ba. Dattijon da ya leƙa wayar jikansa ya ce, "To, wa ab buge shi?" tambayar ilimi ya yi, kuma ya cancanci amsa.

Amsar farko ita ce ƙarfin na'ura. Dodon 1996 hoto ne kafaffe, fari da baƙi. Sai a Pokémon Crystal na shekarar 2000 suka fara ɗan motsi idan sun shigo fage, a Black da White na 2010 suka koma motsi ba tsayawa, a X da Y na 2013 suka sami cikakken jiki mai gaba da baya. Duk da haka ba su daina bugun nesa ba.

Amsa ta biyu lissafi ce, kuma ta fi nauyi. Dodannin yanzu sun haura 1,000, salon faɗa ya haura 900. Wailord tsawonsa mita 14.5, Joltik santimita 10. Mai zane da zai nuna yadda Joltik ke kai wa Wailord duka, da yadda Wailord ke ramawa ba tare da ya danne fagen duka ba, sai ya tsufa a kan kujera. Saboda haka aka raba aikin biyu: kowane dodo aka ba shi 'yan motsin jiki kaɗan, kowane salo aka ba shi nasa walƙiya da hayaƙi, sai na'ura ta haɗa su a lokacin faɗa. Ta wannan hanya ce, a tsofaffin wasannin, Wooper, wanda ba shi da hannu ko ɗaya, yake iya naushin ƙanƙara, Doduo kuma, tsuntsu marar fiffike, yake tashi sama har ya ɗauki mai shi zuwa wani gari.

Na karɓi lissafin, amma ban yafe abin da ya faru a 2019 ba. A Sword da Shield an rage yawan dodannin da za a iya shiga da su, kuma cikin dalilan da kamfanin ya bayar har da inganta motsinsu. Wasan na fitowa, aka umarci dodo ya yi shuri biyu, sai ya yi tsalle biyu a inda yake, ƙafarsa ba ta miƙe ba. A gidan dambe, wanda ya yi haka ko mai kalangu ba zai bi bayansa ba. Dodon da na ga aikinsa ya dace da maganarsa shi ne kifin nan Magikarp: yana fantsal-fantsal a ƙasa, wasan ya sanar cewa babu abin da ya faru. Masunta a dam ɗin Goronyo za su shaida cewa haka kifi yake yi a tudu.

An fara gyara. A Legends: Arceus na 2022 dodo yana takowa kusa kafin ya kai hari, abin da ya nuna ana iyawa.

Wasu samari masu buga tsofaffin wasannin a waya kan shiga saituna su kashe motsin gaba ɗaya don faɗa ya yi sauri, cajin waya ya kai dare. Na san kuɗin caji, amma ban goyi bayan haka ba. Faɗan da ba a ga bugu ba, ba a san wanda za a yi wa kirari ba, kuma dodon da aka yi ta wahalar kiwo yana da hakkin a kalle shi ranar da ya fito fage.

Ga masu zanen Game Freak kuma, kira nake yi: su turo mutum biyu Sakkwato bayan kaka, lokacin da dambe ke ci, su zauna su kalli turmi uku da takarda a hannu. Wooper kuwa, ko dai a ba shi hannu, ko a karɓe naushin.