Askin Dole

Duk mai cewa hutun ƙwallo lokacin hutawa ne, ku bincika, ƙungiyarsa ce ta ɗauki kofi. A tsakiyar kaka ko bakwai aka zura muku kana da Asabar mai zuwa. Ka yi kwana biyu kana bin lungu, a lallasa wani, a manta da kai. Amma da alƙalin wasa ya busa usur na ƙarshe a watan Mayu, teburi ya daskare ke nan sai tsakiyar Agusta. Inda ka ƙare nan za ka zauna damina ta same ka, kuma duk yaron da ke da waya a Unguwar Boro ta Kaduna ya ajiye hoton teburin nan saboda kai.

Ni Manchester United nake yi, tun zamanin da ake faɗin haka da ƙarfi a cikin motar haya. Da idona na ga Ferguson ya ɗauki Firimiya sau 13. Na ga 2011 da muka kai kofi 19 muka tsallake Liverpool mai 18, na ga 2013 da muka cika 20. Daga nan muka shimfiɗa tabarma a kan 20 ɗin nan muka yi shekara 12 muna gadinta. Duk abin da aka yi mana, har 7–0 ɗin Anfield ta watan Maris na 2023, amsarmu ɗaya ce: "Naku nawa ne?"

Sai ranar Lahadi, 27 ga Afrilu, 2025. Liverpool ta karɓi baƙuncin Tottenham, maki ɗaya kawai take nema. Solanke ya fara ci wa Tottenham, mu 'yan bencin baya a gidan kallo muka miƙe muna kiransa ɗan'uwa, tunda mahaifinsa asalinsa Najeriya ne. Kafin mu gama zama an farke. Aka tashi 5–1, ta biyar ɗin ma Udogie ne ya ci gida, shi ma iyayensa 'yan nan ne. Ɗan'uwa ya ba mu, ɗan'uwa ya karɓe. Arne Slot, a kakarsa ta farko, ya cika musu 20. Da aka rufe kaka suna da maki 84, mu muna da 42. Ko ɗan firamare ya san rabi ke nan. An doke mu sau 18, muka ƙare a matsayi na 15, abin da ba a gani ba tun da ƙungiyar ta faɗi daga babban rukuni a 1974.

To ni Liverpool ta Ingila ba ta dame ni ba, ba ta ma san ina duniya ba. Damuwata mai askina.

Shagonsa na bakin layinmu, daidai inda dole ka bi in za ka fita titin Kachia. Yaro ne mai hannu, gaskiya ɗaya ce. Shekara da shekaru shi ke taɓa kaina, ya san inda sanƙo ya fara leƙowa, ya san yadda ake yi masa rufa-rufa. Aibinsa ɗaya, Liverpool ta shiga jininsa. Washegarin wasan nan ya shafa wa ƙofar shagon jan fenti, ya samo jan farce ya rubuta 20 ɓaro-ɓaro a jikin madubi, daidai wurin da goshin mai zama a kujera yake fitowa. Na hango daga nesa, na ce a raina ba zan zauna a kujerar nan ba sai da kofi a hannuna.

Kuma ina da lissafi. Mun kai wasan ƙarshe na kofin Europa, ranar 21 ga Mayu a Bilbao, da Tottenham ɗin nan dai da ke ƙasanmu a teburi, wadda rabonta da kofi tun 2008. Wanda ya ci zai shiga gasar Zakarun Turai. Har na tsara yadda zan shiga shagon, da irin gaisuwar da zan yi. Brennan Johnson ya tura mana wata ƙwallo da har yau ban tabbata ƙafarsa ta taɓa ba, 1–0, shi ke nan. Mako guda bayan haka aka kwashi 'yan wasanmu zuwa Malesiya neman kuɗi, aka haɗa su da wasu zaɓaɓɓu na ƙasashen kudu maso gabashin Asiya da aka tattaro don wasan kawai. Wani ɗan Myanmar ya ci mu ɗaya mai ban haushi. Da tsakar ranar Laraba aka buga, ina wurin aiki, amma kafin in iso gida labari ya riga ni. Daga ƙofar jan shagon nan na ji an ɗaga murya: "Babban yaya, sannu da dawowa daga Malesiya!"

Tun ranar na sauya hanya. Na koma bin bayan layi, ta gefen kwata, ta tsakanin gonakin masarar da mutane ke yi a filayen da ba a gina ba. Ruwa ya sauka, takalmana suka ga ta kansu.

Na gwada abin da kowane mai jinyar ƙwallo ke gwadawa. Na faɗa kasuwar 'yan wasa, ina kwana da waya a hannu. Da muka sayo Matheus Cunha daga Wolves a kan fam miliyan 62.5 na yi kwana biyu ina tafiya da ƙirji a buɗe, sai Liverpool ta sayo Florian Wirtz a kan fam miliyan 100 ban da ƙari, ƙirjin ya koma inda yake. Cinikin Mbeumo kuwa aka yi ta jansa da Brentford har na haddace sunan kowane ɗan jaridar da ke cewa saura ƙiris.

Na kuma gwada kishin gida. Wani dattijon ikilisiyarmu, wanda ya yi kallon ƙwallo a filin wasa na Ahmadu Bello tun ina goye, ya zaunar da ni bayan sujada ya ce mu yaran yanzu mun sayar da zuciyarmu ga Turawa a banza. Ya ba ni labarin Ranchers Bees da ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofin ƙalubale a 1988, da Kaduna United da ta doke Enyimba ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2010. Na ji daɗi har na fara tunanin tuba, duk da cewa a kakar da Remo Stars ta lashe babu ƙungiyar Kaduna ko ɗaya a babbar gasar Najeriya. Sai ya ɗauko zancen Daniel Amokachi, ɗan garin nan, yadda ya tashi daga Ranchers har ya ɗaga kofin FA da Everton a 1995.

"Wa ma suka ci a wasan ƙarshen nan?" ya tambaye ni, yana sosa gemu kamar da gaske ya manta.

Mu suka ci. 1–0. Everton kuma a birnin Liverpool take. Na ce, "Baba, a gaida gida."

Duk wannan gashi bai san ana yi ba, fitowa kawai yake. Gefe da gefe ya tashi, tsakiya ta ƙi. Uwargida ta yi shiru, ta yi gyaran murya, daga baya ta fito fili. Na nuna mata hoton wani matashi a Ingila, ɗan United, da ya yi alkawari tun watan Oktoba na 2024 cewa ba zai yi aski ba sai ƙungiyar ta ci wasa biyar a jere. Na ce ta ga ba ni kaɗai ba ne, abin na duniya ne. Ta kalli hoton da kyau.

"Baban yara, shi ma ƙanwar matarsa za ta yi aure a watan Yuli?"

Auren nan kuwa ni ne a gaba. Surukina ya tsufa, ni aka ce in zauna a layin farko a coci, ni ne kuma shugaban taro a wurin liyafa.

Ranar Juma'a da yamma, ana gobe ɗaurin aure, na hau keke zuwa Sabon Tasha neman mai askin da bai san ni ba. Na leƙa shaguna ina duba bango. Inda na ga hoton Salah na wuce, inda na ga Cole Palmer na wuce. Na samu wani da babu komai a bangonsa sai kalandar coci, na zauna. Ya ɗaura mini ƙyalle, ya kunna kilifa, ya fara daga dama. Sai da ya kai tsakiyar kai ya ce, "Oga, wace ƙungiya kake yi?" Na ce ni ba ruwana da ƙwallo. Ya ce shi Arsenal yake, kuma mutane ba sa ganin ƙoƙarin Arteta, kaka uku a jere suna na biyu. Bakina ya riga hankalina.

"Na biyun nan, a wane kabad kuke ajiye shi?"

Bai kai ga amsawa ba aka ɗauke wuta.

Janareta babu mai. Kilifa mai caji, in ji shi, ta mutu tun rana. Na ce a aika yaro ya sayo mai ko lita ɗaya, ni zan biya. Ya ce yaron ya tafi gida, shi kuma ba ya barin shago. A cikin duhun nan ban ga fuskarsa ba, amma muryarsa ba ta mai baƙin ciki ba ce. Hadari ya haɗo, shagunan kusa suka fara ja da ƙofa. Na biya kuɗin rabin aski, na ɗaura hankici a ka, na tari keke.

Layinmu baƙi ƙirin. Wuri ɗaya ne ke da haske, jar ƙofar nan, don yaron ya sa sola tun bara. Na tsaya cikin yayyafi ina tuna layin farko a coci. Na shiga.

Irin tarbar da ya yi mini ko gwamna sai haka. Ya kori wani yaro daga kujera, ya karkaɗe ta. Ya cire hankicin, ya ga abin da ke ƙasa, ko murmushi bai yi ba. Har ya ɗauko tawul ya rataya a madubi ya rufe 20 ɗin nan.

"Babban yaya, ƙwallo ai wasa ce. Gobe ranarku ce, bari in fito da kai."

Kunya ta kama ni. Na ce ashe yaron nan yana da tarbiyya, ni ne na ɗauke shi da zafi. Ya daidaita gefen da aka bari, ya lallaɓa sanƙon, sannan ya sa sabuwar reza ya koma ƙeya. Ya daɗe a can. Ya ce layin baya ne mutuncin aski, musamman ga wanda jama'a za su zauna a bayansa. Ya shafa hoda, ya fesa turare. Na nemi ƙaramin madubi, ya ce ya fashe shekaranjiya. Na miƙa kuɗi ya ƙi karɓa, wai gudummawarsa ce ta biki.

A gida babu wanda zai duba ni. Uwargida ta kwana gidansu amarya, ita da 'yan Zumuntar Mata suna fama da tukwane. Da safe na sa babbar riga, na kafa hula, na nufi coci.

Namiji ba ya zama da hula a cocinmu. Na cire ta na ɗora a gwiwa. Ana cikin waƙar farko na fara jin motsi a baya, irin dariyar da ake dannewa ta koma tari. Lokacin da Pasto ke tambaya ko akwai mai dalilin da zai hana wannan aure, wani ya shaƙe har sai da aka fita da shi. Abokina da ke layi na biyu ya sunkuyo ya raɗa mini, "Akwai lamba a ƙeyarka."

Nan take na gane. Tawul a madubi, sabuwar reza, gudummawar biki. Amma kafin a kai ga baiko na samo mafita, har na ji tausayin yaron. Ya rubuta mini 20, ya manta mu ma 20 gare mu, kuma mu muka riga su da shekara 12. Ashe ado ya yi mini.

Saboda haka a wurin liyafa, da mai gabatarwa ya kira shugaban taro, ban ɓoye ba. Na yi wa amarya da ango nasiha a kan haƙuri, wanda na ce ɗan United ya fi kowa saninsa. Aka yi dariya. Sai na tuɓe hula, na juya wa jama'a baya, na nuna ƙeyata da yatsa.

"Na san kun gani. Wanda ya rubuta yana nan, ga shi can kusa da masu kiɗa. Ina so ya sani, lambar nan tamu ce. Mu muka fara kaiwa nan, da guminmu, kuma babu wanda ya taimake mu!"

Wurin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan ya fashe. Mutane na faɗowa daga kujerun roba. Mai kiɗa ya saki ganga. Na ɗauka jawabin ne ya ratsa su, har na ɗaga hannu ina godiya. Sai ɗan ƙanen matata, wanda ya riƙe zobe a coci, ya ja mini riga.

"Kawu, ɗaya da biyar ne."

Mai ɗaukar bidiyo bai rasa ko daƙiƙa ɗaya ba. Kallon da uwargida ta yi mini daga teburin iyaye kuwa, ba zan sa shi a takarda ba.

Kafin rana ta faɗi na gangara wajen kasuwar Sabo na samu wani tsohon wanzami a gindin bishiya, da zabirarsa da 'yar rediyonsa. Na ce ga wanda ba ruwansa da Turawa. Na ce ƙwal-kwabo nake so, kada ya bar ko sili ɗaya. Ya jiƙa kan da ruwan sabulu, ya wasa aska, ya zagaya baya. Ya yi jim.

"Sha biyar. United ke nan. Allah ya ba ku haƙuri, Malam."

Shi Chelsea yake yi, tun 1997 da suka ɗauki Celestine Babayaro, ɗan Kaduna. Kuma a makon nan ne suka ci PSG 3–0 a Amurka suka zama zakarun ƙungiyoyin duniya. Da aska a maƙogwarona ya ba ni labarin ƙwallayen ukun, ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina amsawa da "ƙwarai, Baba".

Agusta ta zo, na ce wahala ta ƙare. Ranar 17 ga wata Arsenal ta zo har Old Trafford ta ci mu 1–0. Ranar 27 muka je gidan Grimsby Town, ƙungiyar rukuni na huɗu, a kofin Carabao. Aka tashi 2–2, aka shiga bugun fenareti har masu tsaron gida suka buga, Mbeumo ɗin da na yi wata biyu ina jira ya daki ƙarfe. Washegari da sassafe aka ƙwanƙwasa ƙofa. Yaron shagon aski ne, ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi.

"Oga ya ce a tambaye ka, Daddy, gashin ya fito yadda 12–11 za ta shiga, ko a ƙara mako biyu?"