Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi: Ire-iren Masu Kaji da Agwagi a Unguwa

Da wuya mutum ya ratsa lungu a Kano, Katsina, Zariya ko Damagaram bai kori kaza daga gabansa ba. Ita kazar halinta ɗaya ne ko'ina: ta yi tono, ta yi ƙwai, ta kwanta a kansa kwana 21, ta fito da 'ya'ya tana buɗa fiffike tana neman faɗa da kowa. Masu ita ne suka bambanta. Tunda kuwa katanga ba ta tare kaza, ba ta kuma tare cutar kaza, halin kowane mai kiwo sai ya tsallaka gidan maƙwabci. Ga kaɗan daga waɗanda ba a rasa su a unguwa.

Mai "Allah Ya Kiwata"

Wannan ba ya sayen dusa, bai gina akurki ba, bai ma san adadin kajinsa ba. In aka tambaye shi sai ya ce, "Suna nan dai, Alhamdulillahi." Da asuba su diro daga kan darbejiya, su bazu juji da bakin rariya da gindin turmin maƙwabta, magariba ta yi su koma bishiya. Kazar Hausa ta dace da shi, domin ita ke ci da kanta: gara, fara, tsakin da ya zube wajen surfe. Takan tara ƙwai goma zuwa goma sha biyar ta kwanta, sau uku ko huɗu a shekara.

Asarar bayan ƙyanƙyasa take zuwa. Uwa ta fito da zugar 'yan tsaki ranar Asabar, kafin wata Asabar shirwa ta sure rabonta, muzuru ya ɗauki nasa, gafiya ta ja ɗaya cikin dare, wani ya faɗa kwatami. In biyu suka kai girma sai ya ce kiwo ya karɓe shi bana.

Uwar Kaji

Ita kuwa ta san kowace da sunanta: ga Wake-wake, ga Durgu mai gajerun ƙafafu, ga Fingi mai birkitaccen gashi. Kowace akwai jan ƙyalle ɗaure a fiffikenta, shaidar da ake kafawa ranar musu. 'Yan tsakinta takan rina su da garura, wai shirwa ta gansu ja wur ta rasa gane ko abin ci ne. Kafin ta yi sallar isha'i sai ta haska tocila cikin akurki ta ƙirga kawuna, in ɗaya ba ta cika ba to yaran gidan ba su ga barci ba.

Akurkin nan asusunta ne. Zubin adashi ya zo, a kama zakara. Yaro ya kwana da zazzaɓi, a kama sagara. In a ƙauyukan Kano take, ɗanta ya ɗaure su a bayan keke ya nufi Wudil ranar Juma'a ko Dambatta ranar Lahadi. Idan sun yi yawa ta haɗa wasu ta sayi 'yar akuya. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne cin ƙwai: kowane ƙwai a idonta kaza ce da ba ta fito ba. Yaran gidan da ke da kaji talatin sun fi ganin soyayyen ƙwai a teburin mai shayi.

Mai Kyauta da Kayan Wani

Mijin Uwar Kaji ne. Bai taɓa watsa wa kaza ko tsinken dawa ba, kuma shi ke yawan cewa a raba shi da wannan ƙazanta. Amma da baƙo ya sauka a zaure sai ya leƙo: "A kama wa baƙo jan zakaran nan." Daga cikin ɗaki a ce, "Malam, wane jan zakaran? Wanda na ajiye wa adashi?" Ya ce, "Haba, ai zan biya ki ƙarshen wata." Akwai gidajen da bashin zakaru ya girmi ɗan farin gidan.

Attajirin Biro

Yawanci ma'aikaci ne, ko matashin da ya gama bautar ƙasa da ɗan abin da ya tara. Ya zauna da biro da takarda: kwali ɗaya na 'yan tsakin gidan gona guda 50 ne, cikin mako shida zuwa takwas sun isa yanka. Ya ninka da farashin jajibirin Sallah, ya ga riba, ya ninka ribar sau shida a shekara, ya fara tambayar dillalai kuɗin fili. Mutuwa ce kaɗai bai ware wa layi ba.

'Yan tsakin sukan taso daga kamfanonin ƙyanƙyasa na yankin Ibadan, su kwana a mota, su iso a galabaice. Makon farko ɗumi suke so, sai ya raba dare yana gyara gawayi a kurfoti, uwargida na tambayar ko ita ta sami irin wannan kula lokacin jego. Daga mako na biyar cikinsu ya buɗe: buhu mai kilo 25 da ya zaci zai kai wata, kwana huɗu ko biyar ya zama fanko. In kuma kiwon ya faɗa watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, waɗanda suka fi ƙiba su ke fara kifewa, domin kaza ba ta gumi, haki kawai take yi. Sai a gan shi yana sayo ƙanƙara yana jefa musu a ruwa, shi yana shan na randa.

Ranar sayarwa 'yan uwa da abokan aiki su kwashe rabi "zuwa albashi". Sauran kuma ba sa jiran mai saye da azumi, kullum sai sun ci. A zagaye na biyu yakan sassauta buri ya koma noila mai juriya, ko kajin ƙwai irin ShikaBrown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta samar. Biron dai bai ajiye ba.

Mai Araha

A tsakiyar hunturu ya dawo daga kasuwar ƙauye da jibgegen zakara a rabin kuɗinsa, yana yabon kansa da iya ciniki. Bai tambayi dalilin arahar ba. Dalilin kuwa sananne ne: in annoba ta shiga gari, masu kaji kan yi maza su kai waɗanda ba su kwanta ba kasuwa. Ya saki zakaran cikin na gida a daren, maimakon ya keɓe shi mako biyu ya ga kamun ludayinsa. Bayan 'yan kwanaki kaji suka fara gyangyaɗi tsaye, fiffike a sake, ga koren zawo, wasu wuya ya murɗe suna kallon sama. Wannan ce cutar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. Ta fi ƙamari lokacin sanyi da ƙura, kuma takan share akurki ƙarƙaf, ta haura gida na gaba ba sallama.

Likitan Gida

In annoba ta shigo, nan ne ranarsa. Ba ya jira a kira shi. Ya ce a daka jan barkono a zuba a kaskon ruwa, a jiƙa sassaƙen maɗaci, a ƙara tafarnuwa da gautan kaji, sannan a aiki yaro kemis ya sayo kafso mai ja da rawaya a farke a ciki. Kaza na kwance ba ta iya ɗaga kai, ya buɗe mata baki ya ɗura.

Ba duk iliminsa ne na banza ba. Tokar da yake cewa a zuba kaji su yi birgima tana rage musu ƙwarƙwata, man da yake shafa wa ƙafar da ta yi ɓawo yana kashe ƙwarin da ke ƙarƙashin fatar. Amma Niyukasil ƙwayar bairos ce, kafso kuwa don bakteriya aka yi shi, ko an zuba kwali guda ba ya taɓa ta. Cikin kaji ashirin biyu su tashi da ƙarfin jikinsu, sai ya nuna su da baki: "Kun ga aikin barkono." Sha takwas ɗin da suka tafi kuma, an makara ne wajen kiransa.

A irin wannan mako yara kan sha gudu zuwa majalisa: "Baba, Inna ta ce a zo da wuƙa, wai ta fara juyi!" Lungu ya cika da ƙamshin farfesu, ba suna ba biki.

Uban Agwagi

Yana kallon duk wannan hannu a baya, domin annobar da ke kwashe kaji ba ta cika kayar da agwagwa ba. Shi ya sa yake cewa kiwon kaza wahalar da kai ne. Agwagwar da aka saba gani a gidajen Hausa, mai jar fuska gurji-gurji, asalinta daga Kudancin Amurka ne. Toron ya kusa ninka macen girma, ba shi da ƙara sai huci, yana tafe yana kaɗa wutsiya yana miƙa wuya. Macen kwana 35 take kwanci, mako biyu cif fiye da kaza, kuma wanda ya miƙa hannu ƙarƙashinta zai koma da shaida.

Abin da ba ya faɗa shi ne halin da tsakar gidansa ke ciki. Agwagwa sai ta tsoma kai dungurungum cikin ruwa ta wanke hanci da ido, don haka kaskon da aka cika da safe, kafin hantsi ya zama kunun laka. Ta ɗebi dusa ta kai ruwa, ta ɗebi ruwa ta kai dusa. Kashinta ruwa-ruwa ne, kuma ta fi son ajiye shi daidai inda ake cire takalmi. Butar alwala, bahon wanke-wanke, ruwan da aka jiƙa wanki, duk nata ne. Da damina ta ja 'ya'yanta a jere ta rariya su fita kududdufi, masu babur na taka birki. Ga farce, ga fiffike: ranar da ta so sai a tsince ta a kan katangar maƙwabci tana duba abin da aka shanya.

Akwai shekarar da bugun ƙirjinsa ya ragu. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a Jaji, jihar Kaduna, karon farko a Afirka, kuma kafin watan ya fita aka same ta a jikin agwagin gida a Magariya, Jamhuriyar Nijar. Wannan cuta ta sha bamban da ta hunturu, domin tana iya kama mutum, kuma agwagwa kan ɗauke ta wani lokaci ba tare da ta nuna alama ba. Da gwamnatin Najeriya ta sanya diyyar naira 250 kan kowace kaza da aka kashe, mutane da yawa sun ga ya fi musu su ɓoye nasu.

Mai Gwaje-gwaje

Ba ya barin kaza ta kwanta kan ƙwanta kaɗai. Da damina, lokacin da zabi ke zuba ƙwai, ya sayo ya cusa mata, wanda dabara ce tsohuwa tunda zabuwa ba ta iya raino ba. Sai dai shi har na agwagwa yake haɗawa a kwanci ɗaya. Na kaza ya fashe a kwana 21, uwa ta tashi da 'ya'yanta, ta bar na zabo da ke neman kusan 28 da na agwagwa mai neman 35 su huce su ɓare. In ya dace ya sa na agwagwa zalla, kazar kuma ta daure ta ƙyanƙyashe, to yaran unguwa sun sami kallo: 'ya'yan su hango kududdufi su afka da gudu, uwar ta tsaya a gaɓa tana kai-komo tana kiran ceto, su kuwa suna nutso suna ɓullowa.

Mai Shanya

Ba ta da kaza ko ɗaya, amma duk kajin lungu a gidanta suke karyawa. Ta shanya gero ko dafaffiyar shinkafa a tabarma, ta shiga ɗaki ɗauko tsintsiya, ta fito ta tarar da taro. Rabin yininta "Kur! Kur!" ne da jifa da takalmi. Takan aika: "Je ka ce wa Yaya ta kama kajinta, haƙurina ya kusa ƙarewa." Sai dai in wata sagara ta zaɓi bayan randarta ta fara ƙwai, ba a jin aike. Akan gane ne daga ƙamshin wainar ƙwai. Shari'ar ƙwan da kazar wani ta yi a gidan wani, da abincin mai gidan a cikinta, ta sha kai mata gaban mai unguwa.

Mai Rigakafi

Ita ce ake yi wa dariya. Ta ji a rediyo cewa maganin annobar hunturu rigakafi ne tun kafin sanyi ya shigo, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana yin irin wanda ake ɗiga wa kaza a ido ko a zuba a ruwan sha. Ta je shagon maganin dabbobi ta dawo da 'yar kwalba cikin kula da ƙanƙara. Matsalar ita ce kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, nata kuwa ba su kai ashirin ba, kuma da an haɗa shi da ruwa sai a gama da shi cikin awa ɗaya ko biyu. Bayan wata uku ko huɗu kuma a maimaita.

Don haka tun dare take aika yara gida-gida, a tsare kaji da safe kada a sake su, kyauta za a ɗiga musu. Wani ya ce in tana so ta hau darbejiya ta kamo da kanta. Wata ta ce sai ta ga na mai maganin sun kwana uku lafiya tukuna. Wani ya ce shi kakansa bai taɓa yi wa kaza allura ba. Ta ɗiga wa nata, ta zubar da saura.

Hunturu ya wuce, lungu ya yi tsit, zakaran gidanta kaɗai ke tashin mutane asuba. Daga nan aike ya fara zuwa: a taimaka da aron sagara ɗaya a yi iri, in ta ƙyanƙyashe a raba. Wanda ke fara aiko yaro yawanci Likitan Gida ne, kuma yaron kan ƙara da cewa Baba ya ce kada a manta a riƙa sa wa sauran barkono a ruwa.