Yadda Za Ka Zama Mai Kula da Saba Kafin Hawan Jini Ya Kama Ka

Tun da aka shiga yayin "koyi kwamfuta ka ci dala", ba na rasa yaron da zai tare ni a bakin masallaci ya ce so yake ya zama irina, mai kula da saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) da hanyoyin sadarwar ofis. Da nakan yi murmushi in wuce. To makon jiya na kwana a kan kwali ina jinyar wata na'ura da ta ƙi tashi, kuma rashin barci yakan sa mutum tausayi, don haka ga shawara kyauta. Ba zan ce ka koyi Linux ba, ko ka iya rarraba adireshin IP. Kowa zai gaya maka wannan, kuma shi ne mai sauƙin.

Na ɗaya, ka yafe sunan da aka raɗa maka. Kai ne "Injiniya" idan ana neman alfarma, "yaron kwamfutan nan" idan abu ya lalace. Ranar da komai ke tafiya sumul, akanta zai duba takardar albashi ya ce wai shi wannan me yake yi mana ne. Ranar da komai ya tsaya, shi ɗin ne zai leƙo ya yi tambayar, da ƙarfi, a gaban baƙi. Akwai ranar girmama masu wannan sana'a, Juma'ar ƙarshe ta watan Yuli. Wani Ba'amurke, Ted Kekatos, ya ƙirƙiro ta a shekarar 2000, kuma shi ma mai kula da saba ne. Da ya ga ba mai niyyar yi mana walima, sai ya kafa rumfa da kansa.

Na biyu, duk abin da ke da waya a jikinsa naka ne: fanka, talabijin ɗin ɗakin jira, butar shayin sakatariya, makirfon taro. Sai kuma firinta. Ɗan'uwa, ka karanci yadda bayanai ke ratsa teku daga nan zuwa Turai cikin ƙiftawar ido, ka ci jarrabawar Cisco da kuɗin da ka ranto, amma rabin rayuwarka a durƙushe za ka yi shi gaban firinta kana zaro takarda da farce. Firinta takan ce takarda ta maƙale alhali cikinta fayau. Takan ce babu tawada mai launi, ta ƙi buga maka baƙi, saboda ra'ayinta ke nan. Mai buƙata kuwa ba ya jira: ya danna sau ɗaya shiru, sai ya yi ta dannawa har yatsa ya gaji, ya tafi salla. Kana gyarawa ta fara amayo takardar neman hutunsa, kwafi bayan kwafi, har bandir ya ƙare, sannan a rubuta a littafin sito cewa sashenku na ɓarnar takarda. Mafi ciwo, da ka iso ka tsaya a kanta sai ta yi aiki lafiya lau. Nan wata za ta ce, "Ka gani ko, Injiniya, tsoronka take ji." Ba ta tsoron kowa.

A gida ma ba ka tsira ba. Gwaggo za ta aiko da wayarta a ɗaure a leda, fuska a fashe, da saƙon "ɗan nan a ce masa hotunan bikin sun ɓace." Wani ɗan baffanka zai ja ka gefe ya rage murya, yana so ka shiga masa WhatsApp ɗin wadda zai aura. In ka ce ba ka yin wannan, ya ce ashe karatun naka bai yi nisa ba.

Na uku, ɗakin saba. Shi kaɗai ne ɗakin da iyakwandishan ke aiki dare da rana, don haka ka sa masa kwaɗo biyu. In ba haka ba a watan Afrilu za ka tarar da jarkar zoɓo a jingine da na'urar da ke riƙe da albashin ma'aikata, da masinja yana ƙailula a bayanta. Soket ɗin da ka liƙa wa jan rubutu "KADA A CIRE" shi ne wanda za a cire a sa caja, domin shi ne kaɗai aka tabbata yana da wuta. Ka kuma kyautata wa Baba maigadi fiye da yadda kake kyautata wa manaja. Shi ke tayar da janareta ƙarfe ukun dare idan an ɗauke wuta, shi ya san ko dizal ɗin da aka sa hannu an saya ya iso tanki. Goro da kuɗin shayi a hannunsa sun fi wata takardar shaidar amfani.

Na huɗu, kada ka taɓa komai ranar Juma'a. Ranar Juma'a ce, 19 ga Yulin 2024, kamfanin CrowdStrike ya saki wani ɗan gyara da ya kwantar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda. Ka yi sallarka ka tafi gida.

Na biyar, ka saba da ɗaukar laifin da ba naka ba. Ranar 4 ga Oktoban 2021 injiniyoyin Facebook suka yi kuskuren da ya janye hanyoyin da duniya ke bi ta iso gare su, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace wajen awa shida. A unguwarmu ni aka yi ta yi wa sallama. Ranar 14 ga Maris 2024 kuwa, ga azumi a baki, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, intanet ta yi rauni daga Kwaddibuwa har Najeriya, manhajojin bankuna suka riƙa juyi a wuri ɗaya. Na yi wa Yallaɓai na ofis bayani dalla-dalla, har da zane a bayan ambulan: ga teku, ga waya, ga jirgin ruwan da sai ya taso daga wata ƙasa ya zo ya ɗinke ta. Ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce, "Na gane. To ka dai yi ƙoƙari kafin azahar." Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Kwafin ajiya: ka yi, ka kuma gwada dawo da shi. A Janairun 2017 wani ma'aikacin GitLab ya goge rumbun bayanan da ake aiki da shi, aka waiwayi hanyoyin ajiya biyar da suke taƙama da su, aka tarar ba wadda ke aiki yadda ya kamata. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya rufa musu asiri.

Na shida ne ko na bakwai, oho. Za a ce maka ka riƙa ba da gudummawa ga buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa ke iya dubawa ya gyara ya ɗauka kyauta, don ka yi suna. Ka yi, akwai daɗi, nan ne ma na koyi yawancin abin da nake ci da shi. Amma ka shirya amsar da za ka ba Hajiyarka idan ta ce, "Su Turawan da kake kwana yi wa aiki, nawa suke ba ka?" Abin kamar ka haƙa rijiya ne a bakin hanya don Allah, tankar kamfanin ruwan leda ta zo tana ɗiba kullum tana sayarwa, direban kuma ya buga maka ƙofa da asuba yana faɗa wai gugarka ta tsufa. Lokacin da aka gano ɓarakar Heartbleed a 2014, OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin ɗimbin shafukan duniya, kyautar kuɗin da take samu a shekara ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba. Bayan shekara goma aka maimaita da xz, ɗan ƙaramin abin matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux. Mutum ɗaya ne ke riƙe da shi, Lasse Collin, a lokacin hutunsa, ya gaji, ana ta yi masa gori a kan jinkiri. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe wajen shekara biyu yana taimako kamar mutumin kirki har aka ba shi makulli, ya dasa ƙofar ɓarayi. Abin da ya tona shi, wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata na'ura ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya ƙi haƙura. Rabin daƙiƙa! Kamfanonin da ke ƙirga riba da biliyoyi sun ɗora gininsu a wuyan mutum ɗaya da ba su taɓa saya wa ko katin waya ba, kuma in abu ya fashe shi za a fara zagi. Wallahi wannan ba ya ba ni dariya.

Saura a gurguje. Kalmar sirrin Yallaɓai sunan autarsa ne da shekarar haihuwarta, kada ka wahalar da kanka. In an ce "ban taɓa komai ba", an taɓa. In ka ga katafila na haƙa a titinku, ka fara neman lambar masu gyaran faiba.

Batun hutu kuma, ka nemi ƙauyen da babu sabis, ka tabbatar ba a kafa musu turke bara ba. Ranar ɗaurin aurenka ka kashe waya ka damƙa wa babban aboki. Shi ma ka ce ya kashe tasa, don 'yan ofis suna da lambarsa, in ba haka ba ana tsakiyar fatiha zai matso kusa da kunnenka ya ce, "Ango, wai ina ake danna wa a ga imel ɗin jiya?"